Jirgin itace da ƙyalle

Yau zancen jirgin sama na kawo muku. Amma ba irin babban nan da ke tashi daga Yamai da ɗaruruwan mutane a cikinsa ba. Wani ɗan ƙarami ne, na mutum guda, wanda aka yi da itace da ƙyalle da waya. Da irinsa aka yi yaƙi a sararin sama fiye da shekara 100 da suka wuce. Har yanzu kuma akwai mutanen da ke zama su ƙera shi da hannunsu, daidai yadda aka yi shi tun farko, ba ƙari ba ragi.

Na san abin da za ka ce, ɗan uwa. Za ka ce mutanen nan ba su da aikin yi. Ga jirage na zamani, me za a yi da tsohon yayi? Ka yi haƙuri ka biyo ni. Ni ɗan masassaƙi ne. Turmi da taɓarya da ƙotar gatari ubana yake sassaƙawa, kuma cikin ɓawon itace na yi rarrafe. Shi ya sa aikin mutanen nan ya shiga raina. Akwai wani abu a cikinsa da kowane mai aikin hannu zai gane, ko bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba.

Asalin abin

A ƙarshen shekarar 1903, wasu ƴan uwa biyu a Amurka, masu suna Wright, suka tashi da jirgi mai inji. Sana'arsu ƙera keke ce da gyaransa. Tashinsu na fari bai wuce daƙiƙa 12 ba, wato kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinka jirgin ya sauka. Shekara 11 bayan haka, a 1914, babban yaƙi ya tashi a ƙasashen Turai. Faransa da Ingila suna gefe guda, Jamus tana ɗaya gefen. Shi ne Yaƙin Duniya na Farko, bai ƙare ba sai 1918.

Da farko leƙen asiri kawai ake yi da jirgi. Matuƙi ya tashi, ya hango inda sojan abokan gaba suke, ya komo ya faɗa. Daga baya matuƙa suka fara harbin juna da ƙaramar bindiga. Sai aka ce a ɗaura wa jirgin babbar bindiga mai aman harsashi, tana kallon gaba. Amma ga matsala. A gaban jirgin akwai farfela, wato katakon nan mai juyawa kamar fanka, wanda ke jan jirgin. In ka yi harbi, farfelarka za ka karya.

A 1915 wani matuƙin Faransa, Roland Garros, ya sa aka liƙa ƙarfe a bayan farfelarsa don harsashin da ya same ta ya kauce. A cikin shekarar dai, masana'antar Fokker ta Jamus ta fito da dabarar da ta fi wannan. Aka haɗa bindiga da inji, ta yadda harsashi ba ya fita sai farfela ta ba da hanya. Daga nan aka sami jirgin da aikinsa kawai farautar wani jirgi. Su ne jiragen da muke zance a kansu.

Da me ake yin shi?

Ka ɗauki ɗaya daga cikinsu, na Ingila, wanda masana'antar Sopwith ta yi. Sojoji suka laƙaba masa suna Camel, wato raƙumi da Ingilishi, domin murfin bindigoginsa ya yi tozo a gaban matuƙi. In babu mai babu mutum a ciki, nauyinsa wajen kilo 420 ne. Ka ƙiyasta: buhun hatsi huɗu da ɗan ƙari. Amma gudunsa ya kai kilomita 180 a awa guda. Daga Maraɗi zuwa Damagaram ba zai cika awa ɗaya da rabi ba.

Sirrin yana ga rashin nauyi. Mai ƙera shi yana faɗa da nauyi kamar yadda manomi ke faɗa da ciyawa. Abu na fari shi ne zaɓen itace. Akwai wani dogon itace na ƙasashen sanyi, mara nauyi, mai ƙarfi, mai miƙaƙƙen zare. Shi ake nema. Ana duba kowane katako a cikin haske. In akwai ƙulli a jikinsa, a jefar. In zarensa ya karkace, a jefar. Har layukan da ke nuna shekarun itacen ana ƙirgawa, domin wanda ya girma da sauri bai cika ƙwari ba. Mutum yakan duba katako da yawa kafin ya sami ɗaya da ya yarda da shi.

Fiffiken jirgin kamar rufin soro yake. Akwai dogayen katakai da suka ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan, kamar azara. A kansu ake jera haƙarƙari. Kowane haƙarƙari da siraran itatuwa ake haɗa shi, waɗanda kaurinsu bai kai ɗan yatsa ba. Ana fafake tsakiyarsa don a rage nauyi. Jirgi ɗaya yana cin haƙarƙari masu yawa, kuma dole lanƙwasar kowane ta yi daidai da ta ɗan uwansa. Inda ake son katako ya lanƙwasa, ba a tilasta masa. Sai a turara shi da tururin ruwan zafi har ya yi laushi, a ɗaure shi a jikin ma'auni, a bar shi ya bushe.

Gam ɗin da mutanen da suka yi amfani da shi, daga fata da ƙashin dabba ake dafa wani, wani kuma daga madara ake fitar da shi. Farfela ba daga gungume guda ake sassaƙa ta ba. Katakai ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, a manne su, sannan a sassaƙe a goge. Ɗaya daga cikin itatuwan da ake so don wannan aiki dangin maɗacinmu ne. In an gama, sai a ɗora farfelar a kan tsakiyarta a gani. In gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya ko da kaɗan ne, a ci gaba da gugar. Farfelar da ba ta daidaita ba tana iya girgiza jirgi har ya wargaje.

Gangar jikin jirgin Sopwith akwati ne na siraran katakai, an ɗaɗɗaure shi da wayoyin ƙarfe da suka gicciye. Kowace waya tana da ɗan ƙarfen da ake murɗawa don a ja ta ko a sassauta. In ka ja ɗaya, sai wata ta saki. Mai aikin yana ta zagaye yana murɗawa yana aunawa, kwana da kwanaki, har jirgin ya tsaya cak bai karkata ba. Wanda ya taɓa ɗaure wayoyin ƙafar keke ya san irin wannan haƙuri.

Daga nan sai ƙyalle. Yadin lilin ake shimfiɗawa bisa fiffike. A ɗauko doguwar allura, a ɗinke shi a jikin kowane haƙarƙari, ƙulli bayan ƙulli, tazarar yatsa uku ko huɗu. Ƙulli dubbai ke nan. A zamanin yaƙin, mata ne suka yi yawancin wannan ɗinki a masana'antu. In an gama sai a shafa wani ruwan magani mai ƙarfin wari. Yana bushewa yana jan ƙyallen, har ya ɗame. In ka ƙwanƙwasa shi da yatsa, sai ka ji ya amsa kamar fatar ganga.

Injin da ke juyawa gaba ɗaya

Injin mota a zaune yake, abin da ke cikinsa ne ke juyawa. Na da yawa daga cikin jiragen nan akasin haka ne. Sandar tsakiya ce a kafe a jikin jirgin. Injin kuwa, da silindarsa 9 da suka kewaye shi kamar ƙafar amalanke, shi ke juyawa tare da farfela, wajen sau 1,200 a minti guda. An yi haka ne don iska ta riƙa sanyaya shi, ba sai an ɗauki ruwa ba.

Man da ke sa ƙarafunansa santsi, ka san shi. Man zurma ne, wadda wasu ke kira cika-gida, mai fitowa a bayan gida da bakin juji. Shi aka zaɓa domin fetur ba ya narkar da shi. Injin yana sha yana fesarwa, iska kuma tana watsa shi a fuskar matuƙi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa matuƙan ke ɗaura ƙyalle a wuya, don goge tabarau. Kai da ka san aikin man zurma a cikin ɗan Adam, ka san ba abin sha'awa ba ne mutum ya yi awa biyu yana haɗiyarsa.

Injin nan yana da wani hali. In kana da keke, gwada wannan. Ɗaga ƙafar gaba, juya ta da ƙarfi, sannan ka karkata kan keken. Za ka ji yana yi maka gardama, yana ja wani gefe. To, haka injin yake yi wa jirgin duka. Raƙumin Sopwith yana juyawa dama kamar walƙiya, hancinsa na yin ƙasa. In hagu ne, a hankali yake juyawa, hancinsa na yin sama. Gwani yana cin amfanin wannan a wurin faɗa. Amma ɗan koyo, sau da yawa nan ajalinsa yake. Samari masu yawa sun mutu a cikinsa tun ba su ga abokin gaba ba.

Tsofaffin injuna sun yi ƙaranci. Masu ƙera jirgi sukan yi shekaru suna neman guda. A ƙasar Niw Zilan, can ƙarshen duniya, wani mai shirya sinima, Peter Jackson, ya kafa wani kamfani mai suna The Vintage Aviator. Daga shekarun 2000 ma'aikatansa suka ƙera jiragen wancan yaƙi iri-iri. Da injin ya gagara samuwa, sai suka kwance tsoho, suka auna kowane ƙarfe, suka ƙera sabo fil irinsa.

A ina ake samun awo?

Ba a ƙera abu da ka. Sai da awo. Wasu jiragen an yi sa'a, takardun zanensu suna nan a ajiye. Kowane ƙusa, kowane rami, an rubuta girmansa. Wasu kuma takardun sun ɓata.

Ga misali. A 1917 masana'antar Fokker ta fito da wani jirgi mai fiffike hawa uku. Guda 320 aka yi. Sunansa ya cika duniya saboda wani matuƙin Jamus, Manfred von Richthofen, wanda ya shafa wa nasa jan fenti. Jirage 80 aka lissafa ya harbo. Ranar 21 ga Afrilu 1918 aka harbe shi, yana da shekara 25. Sojojin da suka iske jirginsa suka yayyage shi, kowa ya ɗauki guntu don tunawa. Wani jirgin nasa da aka ajiye a gidan tarihi a birnin Balin, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka hallaka shi. Yau cikin 320 ɗin nan babu ko ɗaya da ya rage cikakke.

To, yaya za a yi? Sai bin sawu, kamar mai neman ɓataccen raƙumi. Akwai tsofaffin hotuna. Akwai rahoton da Ingilishi suka rubuta bayan sun kama ɗaya a farkon 1918, suka auna shi. Akwai guntaye a gidajen tarihi: injin Richthofen yana Landan, kujerarsa tana ƙasar Kanada, wasu sassan suna Ostareliya. Mutum zai sa gilashin ƙara girma a kan hoto yana ƙirga ɗinki. Ya rubuta wa wani a wata ƙasa wasiƙa, ya roƙe shi ya auna masa guntun katako. Da haka, kaɗan-kaɗan, aka sake haɗa awon jirgin da ya ɓace. Duk wani Fokker mai hawa uku da ke tashi a yau, sabon ƙira ne.

Amma takarda iyakarta awo. Za ta gaya maka kaurin katako. Ba za ta gaya maka yadda za ka riƙe shi ba, ko wanne za ka fara mannawa, ko yaushe tururi ya ishe shi. Masu aikin farko ba su rubuta wannan ba, domin a wurinsu abu ne da kowa ya sani. Sun mutu da shi a hannunsu. Mai ƙira na yau sai ya gwada, ya ɓata, ya sake, har hannunsa ya gano abin da hannun wancan ya sani.

Abin da ƙyalle ya rufe

Yanzu mun zo inda nake son ka tsaya ka yi tunani. Jirgin nan in an gama shi, ƙyalle ya rufe kome. Mai kallo fenti yake gani. Ba ya ganin haƙarƙari, ba ya ganin gam, ba ya ganin ƙulli. Ko aikin kirki ne a ciki ko na ha'inci, daga waje duk ɗaya ne.

Ga abin da ya faru a ƙarshen Oktoba 1917. Wani gwanin matuƙin Jamus, Heinrich Gontermann, ɗan shekara 21, ya tashi da sabon Fokker mai hawa uku a bisa filinsu. Ba abokin gaba ko ɗaya a sama. Sai fiffiken sama ya wargaje. Ya faɗo, ya mutu. Ba a daɗe ba wani matuƙin, Günther Pastor, ya mutu ta wannan hanya. Aka hana jiragen tashi, aka yage ƙyallen aka duba. Me aka gani? Aikin gaggawa. Ba a haɗa haƙarƙarin da kyau ba. Ba a shafa wa katakon isasshen man da ke hana ruwa shiga ba, laima ta shiga ta ɓata gam. Aka tilasta wa masana'antar ta gyara fukafukan da kuɗinta.

Ka gani? Wani ma'aikaci ya ce a ransa, ai haka ma ya yi, wa zai gani? Gaskiya ne, ba wanda ya gani. Amma iska ta gani. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Masu ƙira na yau sun san wannan labari. Shi ya sa suke goge wurin da ido ba zai taɓa kai wa ba, kamar yadda suke goge na fili. Kafin a sa ƙyalle kuma, sai mai duba aiki ya zo ya bi kowace gaɓa, ya sa hannu a takarda. A wuri guda ne da yawansu suke barin hanyar mutanen da: suna amfani da gam na zamani wanda laima ba ta ci, domin ran mutum ya fi gaban wasa. Sauran kuwa, masu tsantseni ba su canzawa. Jirgin asali ba shi da birki, nasu ma babu. Ba shi da ƙafar baya, sai wani katako da ke jan ƙasa, nasu ma haka. Ba a tayar da shi da makulli, sai mutum ya tsaya a gaba ya juya farfela da hannu ya yi tsalle baya. Akwai masu sa injin zamani da yadin roba da birki, su yi fenti irin na da. Wannan ma aiki ne, amma kama ce kawai, kamar mai rawani da ba shi da sarauta.

Mutanen Yokshaya

A arewacin Ingila akwai wani yanki da ake kira Yokshaya. A shekarun 1970 wasu mutane suka haɗa ƙungiya a can, suka sa mata suna Northern Aeroplane Workshops. Ƴan sa kai ne, ba a biyansu. Suka samo takardun zanen wani jirgin Sopwith mai fiffike hawa uku, na 1916. Wajen 150 aka yi a zamanin yaƙi, biyu kaɗai suka rage, ɗaya a Ingila ɗaya a Rasha, kuma ba mai tashi a cikinsu. Suka ce za su ƙera shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Sai a 1990 suka miƙa shi ga gidan ajiyar jirage na Shuttleworth. A 1992 ya tashi, da tsohon inji na asali mai ƙarfin doki 130. Yaron da aka haifa ranar da suka fara, ya isa riƙon garma kafin su gama.

Mai masana'antar asali, Thomas Sopwith, ya yi tsawon rai. Sai a 1989 ya rasu, yana da shekara 101. Yana raye lokacin da ake aikin. Da ya gamsu da ingancinsa, sai ya ce kada a kira jirgin nan kwaikwayo. A ɗauke shi ɗaya daga cikin jiragen masana'antarsa, wanda ya makara wajen fitowa. Ɗan uwa, in kai mai sana'a ne, ka san babu ladan da ya kai wannan: mai abu da kansa ya ce naka da nasa ɗaya ne.

Ba su tsaya nan ba. Sun ƙera wani jirgin, sannan suka kama aikin Raƙumi. Shi kuma a 2017 ya tashi, shekara 100 cif bayan shigar irinsa fagen yaƙi.

Gani ya kori ji

Wata shekara aiki ya kai ni Faransa. Wani abokin aiki ya ɗauke ni zuwa wani fili mai ciyawa a kudu da Paris, kusa da garin La Ferté-Alais, inda ake taron tsofaffin jirage. Can na ga irin jiragen nan da idona. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsu. Mutum biyu suna ɗaga wutsiyar jirgi su juya shi kamar amalanke.

Da aka tayar da injin, wani wari ya bugi hancina. Na ce, wannan ai na san shi. Man zurma ne ke ƙonewa. Da jirgin zai sauka kuma, na ji injin yana ɗaukewa yana kamawa, yana ɗaukewa yana kamawa. Gabana ya faɗi, na zaci lalacewa ya yi. Abokina ya yi dariya, ya ce matuƙin ne ke kashe wutar injin yana kunnawa da ɗan yatsa, domin ta haka ake rage gudu.

A cikin wata rumfa na iske wani dattijo da fiffiken da ba a rufe ba tukuna. Ya miƙo mini haƙarƙari ɗaya. Na karɓa da hannu biyu, ashe bai fi faifai nauyi ba. Na juya shi, na bi gaɓoɓinsa da yatsa. Ko'ina sumul, har cikin lungun da ƙyalle zai rufe. Na tambaye shi don me ya wahalar da kansa da wurin da ba mai gani. Ya dube ni, ya ce abokinsa ne zai tuƙa jirgin.

Sai na tuna ubana. In ya gama turmi, yakan kife shi ya goge gindin, wurin da zai zauna cikin ƙasa har ya ruɓe. In ya ga tsaga a cikin itace, ko da ya yi kwana uku yana sassaƙa, sai ya mai da shi makamashi. Ba ya cike tsagar da ƙasa ya shafe ta ya kai kasuwa. Bai taɓa hawa jirgi ba. Amma da an haɗa shi da dattijon nan, ba su buƙatar tafinta.

Ai makami ne

Wani zai ce: duk da haka, abin kisa ne suke rayawa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ni ma ta dame ni. Yaƙin nan bai tsaya kan Turawa ba. Faransa ta ɗebi sojoji fiye da 150,000 daga Afirka ta Yamma, har da ƴan ƙasarmu, da yawa ba da son ransu ba. Wasu sun kwanta cikin ramuka da taɓo da sanyi, jiragen nan suna shawagi bisa kansu. Da yawa ba su komo ba.

Bindigogin da ke kan jiragen yau na gani ne, ba su harbi. Kuma ga abin da na lura. Wanda ya ga hoton jirgin yaƙi a littafi, jarumtaka yake gani. Wanda ya tsaya kusa da shi, ya taɓa ƙyallen da yatsa, tsoro yake ji. Tankin fetur yana dab da matuƙi. Tsakaninsa da harsashi ƙyalle ne kawai. Ruwan maganin da aka shafa wa ƙyallen kuma yana kama wuta nan da nan. Matuƙan Ingila ba a ba su lemar sauka ba har yaƙin ya ƙare. Na Jamus sai a 1918 suka fara samu. Yawancinsu samari ne ƴan shekara 19 ko 20 da ƴan kai. In jirgin ya kama wuta a sama, sai su zaɓa: ƙuna ko faɗowa.

Jirgin da aka gyara masa hali, aka sa masa birki da injin zamani, ba zai gaya maka wannan ba. Sai wanda aka yi da gaskiya, da kyansa da muninsa. Shi ne shaida. Shaida kuwa in ya ƙara gishiri, ya tashi daga shaida.

Abin da ya rage gare mu

Ba na ce ka je ka ƙera jirgi ba. Gonarka da dabbobinka sun ishe ka aiki. Amma akwai ƙyalle a cikin kowace sana'a. Magini yana da tushen ginin da ƙasa ta rufe. Mai gina rijiya yana da bangon da ke can ƙasa cikin duhu, inda wani zai sauka yasa wata rana. Maƙeri yana da ƙarfen amalanken da ya yi wa walda ya shafe da fenti. Mai gyaran mota yana da birkin da fasinja ba su gani. A duk wuraren nan, ran wani yana rataye da abin da kai kaɗai ka sani.

Abu na biyu. Mutanen Yokshaya sun sami takardu, aikinsu ya zo da sauƙi. Masu neman Fokker sun sha wuya, domin an bar abin ya ɓace kafin a tuna da shi. Duba garinku. Wa ya rage da ya iya haɗa sirdi? Wa ya iya ɗinka rumbun da gara ba ta ci? Wa ya san itacen da ya dace da ƙota, da lokacin sararsa? In tsoho ɗaya ne, to, tafi wurinsa tun yana da ƙarfi. Auna abin da yake yi, ka rubuta. Amma kada ka tsaya ga rubutu. Zauna kusa da shi, karɓi gizagon, ka ɓata itace biyu ko uku a gabansa yana gyara maka riƙo.

In kuma wata rana ka gama aiki, ka zo rufewa, zuciyarka ta ce maka ai haka ma ya yi, to, ka sake buɗewa ka duba.